Arewar Gonar Su Nomau

A Kwarin Gamji, can ƙarshen gari inda hanyar rafi ta lanƙwasa, akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya. Mutum biyu ne a cikinsa: ƙanwata Tabawa mai daddawa, da ɗanta tilo, Nomau. Sai akuya ɗaya, da kaji, da wani ɓarin dutsen niƙa a tsakar gida wanda kajin ke shan ruwa a cikinsa, ni kuma nake tuntuɓe da shi duk ranar da na shiga gidan. Mijinta, Malam Jibo, shekara tara ke nan da rasuwa. Ni kawun Nomau ne, sunana Malam Ila. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare kafin in ajiye alli. Na koyar da masu taurin kai, na koyar da 'yan gyangyaɗi, amma ban san abin da ake kira haƙuri ba sai da Allah ya haɗa ni da ɗan ƙanwata.

Nomau ba mahaukaci ba ne, kada wani ya ce na faɗa. Ƙato ne, ya ba talatin baya, ba ya ƙarya kuma ba ya mantuwa. Cutarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Yana yaro uwarsa ta taɓa ce masa a kasuwa, “Tsaya nan har in dawo,” ta biyo wata hanya ta koma gida. Sai da kasuwa ta watse aka tarar da shi a tsaye, ƙafarsa ba ta gusa daga inda ta bar ta ba. Da ya girma aka ce ya riƙa ba wa dashen gwanda ruwa kullum da safe. Har a tsakiyar damina, ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, za ka gan shi da tulu yana tsiyaya wa gwanda.

Dukiyarsu a duniya gona ɗaya ce, a ƙetaren rafi. Ta arewa tana iyaka da gonar Alhaji Gagare, mai shanun huɗa. Duk shekara in ya zo huɗa, sai garmarsa ta ɗan zame ta lashe kunya biyu, wani lokaci uku, shi kuma ya ciro gambar da aka dasa don shaidar iyaka ya sake dasa ta gaba. Da ran Malam Jibo, ɗorawar da Tabawa ke samun kalwar daddawa daga gare ta a cikin gonarsu take. Yanzu tana cikin gonar Alhaji, sai Tabawa ta je ta durƙusa kafin a bar ta ta tsinci abin da ya faɗo. Sau uku ina kai ƙara wurin mai gari, sau uku yana ce mini, “Malam Ila, ina shaida?” Waɗanda suka san tsohuwar iyakar duk ƙasa ta rufe musu ido.

Ana nan sai sanƙira ya zaga gari, ya ce nan da mako uku masu safiyo za su zo su auna gonaki su ba kowa takarda, kuma abin da aka rubuta ya rubutu har jikoki. Mai gona da kansa zai tsaya ya nuna iyakarsa, dangi su ja gefe su yi shiru. Mai awon baƙo ne, ba ya jin Hausa, kuma wanda aka zaɓa ya yi tafinta ɗan Alhaji Gagare ne, wai shi ne ya yi sakandare. Tabawa ta zo gidana gyale a hannu. Ta ce, “Yaya Malam, in aka bar bakin Nomau a hannun yaron nan, ko inda za mu shuka kuɓewa ba za a rage mana ba. Ka koya masa ya faɗa da kansa.” Na ce mata wannan ai ba wani abu ba ne, kalma huɗu ce kacal: east gabas, west yamma, north arewa, south kudu. Da na san abin da ke gabana da ban yi saurin buɗe baki ba.

Wata rana da sassafe na tsayar da shi a tsakar gida, na faɗa masa kalmomin sau biyu, ya maimaita su tsaf kamar aku. Har na fara murna. Na ce, “To, ka fuskanci rana ka buɗe hannuwanka. Inda ranar take, nan ne east. Bayanka west, hagunka north, damanka south.” Ya yi daidai, na sa masa albarka na tafi. Da azahar sai ga Tabawa ta aiko in zo da sauri. Na tarar da Nomau kwance rigingine a tsakar gida, hannuwa a shimfiɗe, ya ƙura wa rana ido, hawaye na gangarowa cikin kunnuwansa, kaji na tsallake shi.

Na ce, “Kai, me kake yi haka?”

Ya ce, “Kawu, east ta hau sama. West kuma ta shige ƙasa, na danne ta da bayana.”

Da la'asar ya juya ya fuskanci faɗuwar rana, ya shaida wa duk wanda ya wuce cewa east ta koma bayan gidan liman. Kwana biyu uwarsa na ɗiga masa ruwan sanyi a ido.

Wata rana na ce mu bar maganar rana, tun da ita yawo take yi. Na ce, “Nomau, in kana son ka gane east, ka tsaya kamar za ka yi salla. Inda ka fuskanta, nan ne.” Wannan ya shige shi sosai, don ba ya wasa da salla. Muna cikin haka akuyar ta tsinke igiya ta fice da gudu. Ni ban ga inda ta nufa ba, shi ya gani. Sai na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, na ce, “Maza, ta wane gefe ta yi? Faɗa da Turanci!” Sai ya juya ya nufi randa.

Na ce, “Ina za ka?”

Ya ce, “Alwala. Ai ba a tsayuwar salla babu alwala.”

Ya cika buta, ya tsuguna, ya wanke kowace gaɓa sau uku-uku a natse, ni ina tsaye ina tafasa. Ya shimfiɗa buzu, ya daidaita ƙafafu, sannan ya miƙa hannun hagu ya ce, “North.” Gaskiyarsa, north ɗin ta yi. Kafin nan ta isa ƙofar gidan Alhaji Gagare ta cinye rabin irin gyaɗar da ya shanya. Alhaji ya ɗaure ta a turkensa, sai da Tabawa ta yi zarya sau uku tana ba da haƙuri kafin ya sake ta.

Wata rana na yanke shawarar in kama kalma ɗaya in riƙe, tun da duk rigimar a arewa take. Na yagi jan tsumma na ɗaura masa a hannun hagu, yana fuskantar gabas. Na ce, “Ka ga wannan? Inda jan tsumman nan yake, nan ne north.” Don in gwada shi, na ce ya tafi north har gidan wanzami ya karɓo mini man shafawa na gwiwa, don gwiwata ta dama ta daɗe da yi mini tawaye. Sai ya miƙa hannun hagu ya bi shi a karkace, kamar ƙaguwa. A bakin rijiya wata tsohuwa ta gaishe shi, ya juya ya amsa, hannu ya juya da shi, ya ci gaba da bin hannu. Ya sake juyawa don ya kauce wa jaki, ya sake bin hannu. Da magariba masu dawowa daga itace suka tsinto shi a fadamar kudu da gari, laka har gwiwa, hannu a miƙe, yana cewa gidan wanzami ya yi nisa yau.

Washegari Tabawa ta kwance tsumman ta wanke, ta shanya a kan danga. Nomau ya zauna a gindin dangar yana gadi, wai kada a taɓa north tana shan iska. Sai ga shirwa, ta ga ja ta ɗauka nama ne, ta kawo sura ta yi sama da shi. Nomau ya zabura ya bi ta cikin gari yana kururuwa, “Jama'a ku taimaka! Shirwa ta tafi da north!” Mutane suka firfito da sanduna, sun zaci yaro aka sace. Ranar ko masallaci a sahun baya na tsaya, don kada in haɗa ido da kowa. Wallahi na ji haushi har tuwo ya ƙi wuce mini.

Wata rana, saura kwana biyar, na je na aro dardumar liman, irin wadda alhazai ke kawowa mai kamfas a jiki. Liman bai so ba, sai da na yi rantsuwa zan dawo da ita kamar yadda na karɓa. Na nuna wa Nomau allurar, na ce, “Wannan ba ta san rana ba, ba ta san tsumma ba. Ko ka juya ko ka kwanta, kanta north yake nunawa. Ka bi ta kawai, kada ka kauce.” Na shiga bayan gida na fito, babu Nomau babu darduma.

Ban sha wahalar bin sawunsa ba, don ɓarna ce ta yi mini jagora. Ya ɗauki dardumar a hannu biyu kamar faifan tuwo, idonsa a kan allura. Ya keta dangar gidansu. Ya taka barkonon da maƙwabciya ta shanya tun daga wannan baki har wancan. Ya ratsa zauren wanzami ana tsakiyar yi wa wani aski, ya tsallake ƙafafun mutumin ba ko sallama. Ya shiga kududdufi ta wannan gefe ya fita ta wancan. Inda na same shi, hancinsa ne a manne da katangar gidan Alhaji Gagare, ƙafafunsa na ta tafiya a wuri ɗaya.

Na ce, “Nomau, ba ka ga bango ba?”

Ya ce, “Na gani, Kawu. Ka ce kada in kauce.”

Alhaji ya fito yana sakace, ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi dardumar liman da ta sha laka, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Malam Ila, wannan ne zai tsaya gaban mai safiyo? Ka huta da wahalar da kanka. Ka gaya wa Tabawa in ta kwantar da kai, zan riƙa barinta tana tsintar ɗorawa kamar yadda aka saba.” Na ja ɗan ƙanwata muka tafi, yara na binmu.

Wata rana, ana gobe masu safiyo za su zo, na shiga gidan na yi tuntuɓe da ɓarin dutsen nan har farcena ya fashe. Abin da ke cikina ya taso gaba ɗaya. A raina na riga na sallama ɗorawa da kunyoyin da suka tafi, burina dai a tsira da abin da ya rage, daga layin gamba zuwa kudu. Na kama Nomau ta wuyan riga, ni da ban kai kafaɗarsa ba, na ce, “Ka saurare ni da kunnen basira. Arewa ba ta yawo! Ba ta bin rana, ba ta bin hannunka, shirwa ba ta ɗaukar ta. Inda take ubanka yana da rai, nan take yau, nan za ta kasance har tashin ƙiyama. Kai ne kake motsi, ita ba ta matsawa.”

Ya ce, “Ko kaɗan, Kawu?”

Na ce, “Ko taki ɗaya. Gobe in baƙon nan ya ce maka north, ka tafi iyakar gonarku ta arewa ka tsaya. Kada ka motsa sai ni na ce ka motsa. Ka ji?”

Ya ce ya ji. Tabawa tana bakin murhu tana share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne. Na fita ina ɗingishi, ban ko yi musu sallama ba.

Ranar Talata da hantsi duk gari ya ƙetare rafi. An yi ruwan shuka kwana uku da suka wuce, Alhaji ya riga ya huɗe gonarsa ya shuka gero har gindin gamba. Ni a kan jakin wanzami aka kai ni, aka ajiye ni gefe tare da Tabawa. Mai safiyo wani dogo ne mai malafa, da na'urarsa mai ƙafa uku da igiyar awo, gumi ya jiƙa masa riga tun ba a yi nisa ba. Da aka zo kan gonar su Nomau, mai gari ya kira shi ya fito. Baƙon ya dube shi ya ce, “East?” Na ce a raina yanzu zai nemi buta. Ashe ya yi alwalarsa tun daga gida. Ya daidaita ƙafafu, ya miƙe ya je ya tsaya a kan iyaka. Aka kafa turke. West ma haka, south ma haka. Tabawa ta damƙe mini hannu.

Sai baƙon ya ce, “North?”

Nomau ya miƙe ya nufi layin gamba. Na ce alhamdu lillahi. Ya isa gambar, sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake ta. Ya shiga shukar Alhaji yana taka kunya bayan kunya da manyan ƙafafun nan nasa. Na yi ihu, na manta an ce dangi su yi shiru: “Kai Nomau! Ka wuce! Dawo!” Hayaniyar jama'a ta danne muryata. Ya je gindin ɗorawa, ya jingina bayansa da ita, ya ƙirga taki bakwai da ƙarfi kowa na ji, ya tsaya cak. Ya ce, “North.”

Wuri ya kaure da dariya. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mako uku na wahala, ga shi a gaban mai gari da baƙo ya tattake shukar mutum, ya ba Alhaji abin da yake nema. Alhaji ya yi tsalle, babbar riga na tashi. “Ranka ya daɗe, ka gani da idonka! Wawa ya shiga mini shuka! A fitar da shi, a auna daga gamba!” Ɗansa tafinta ya matsa kusa da baƙon yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yana kaɗa yatsa a gefen kansa. Baƙon ya saurare shi, sannan ya ture malafa baya, ya taka da kansa har inda Nomau yake, ya nuna ƙasa ya ce, “North?”

Nomau ya ce, “North.”

Baƙon ya nuna gamba can baya, ya sake tambaya. Nomau ya girgiza kai. Wannan magana ba ta bi ta bakin tafinta ba, kuma na ga yaron ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Mai gari ya ce, “Nomau, fito daga gonar mutane.”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, Kawu ya ce kada in motsa sai shi ya ce.”

Duk ido ya dawo kaina. Na buɗe baki zan ce ya motsa, sai na ji ya ci gaba da magana. “Kuma Kawu ya ce arewa ba ta matsawa, inda take Baba yana da rai nan take yau. To Baba a nan ya nuna mini ita. Ni na ɗauko masa dutsen a kaina, shi ya haƙa rami.”

Mai gari ya ce, “Wane dutse?”

Ya buga ƙafa a ƙasa ya ce, “Wannan da nake kai.”

Dariya ta ɗauke. Alhaji ya ce ai maganar wawa ce, ba za a tona masa shuka a kanta ba. Mai gari ya ce in babu komai ai shi ke nan, an huta, a kawo fartanya. Nomau ya ƙi ɗaga ƙafa, dole aka yi ta haƙa a tsakanin ƙafafunsa yana tsaye a wangale. An yi kamu ɗaya ba a ga komai ba, Alhaji ya fara murmushi. Ana shiga kamu na biyu fartanya ta yi ƙara. Aka share ƙasa, aka ciccibo wani ɓarin dutsen niƙa.

Tabawa ta saki hannuna ta dafe ƙirji. Ta ce, “Dutsena! Shekarar da ya fashe marigayi Malam ya ɗauki ɓari ɗaya ya fita da shi, na zaci maƙeri ya kai wa.” Ni kuwa sai farcena ya motsa, don na san ɗan'uwan wannan dutse, jiya ma mun gaisa. Mai gari ya tura samari biyu da gudu suka kinkimo wanda kaji ke shan ruwa a ciki. Aka ajiye su gefe da gefe, aka tura, suka haɗe baki da baki, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Mai gari ya daɗe yana kallo. Ya ce haka mutanen da suke yi in ba su yarda da maƙwabci ba, ɓari a gona ɓari a gida, shi ma ya ga mahaifinsa ya yi. Ya juya ya ce, “Alhaji, ɗazu kai kake magana. Yanzu me ka ce?” Alhaji ya ce shanu ne, ba su san iyaka ba. Wani daga baya ya ce ashe shanun har dashen gamba sun iya. Baƙon bai jira tafinta ba, ya kafa turkensa a cikin ramin, ya ja igiya. Kunya ashirin da uku suka dawo, da ɗorawa a tsakiyarsu.

Aka wuce gona ta gaba, jama'a suka bi. Mata suka kewaye Tabawa suka tafi da ita tana kuka tana dariya. Ni ma aka ɗora ni a jaki, har gida mutane na yi mini barka, wai koyarwata ce, ni kuma ina amsawa ba kunya. Na ci abinci, na yi azahar, na ɗan kishingiɗa. Sai bayan la'asar Tabawa ta leƙo ta ce, “Yaya Malam, Nomau yana wurinka? Tuwonsa ya huce.”

Na yi salati. Wanzami ya tafi da jakinsa ƙauye, dole na ɗauki sanda na ja gwiwar nan na ƙetare rafi, ina tafe ina mita. Na same shi inda muka bar shi, ƙafa ɗaya a kowane gefen rami, turken safiyo a tsakani, leɓensa ya bushe. Gona ba kowa sai shi.

Na ce, “Kai wane irin mutum ne? Kowa ya watse, ba sai ka taho ba?”

Ya ce, “Ba ka ce in motsa ba, Kawu.”

Na zauna a kan kunya don gwiwar ta ƙi ɗaukata. Haushin da na taho da shi bai huce ba, sai ma wani ya taso a kansa. Na ce, “Shekara tara, Nomau! Shekara tara uwarka na durƙusa wa mutumin nan a kan ɗorawarta. Sau uku ina zuwa gaban mai gari ana ce mini ina shaida. Kana ji kana gani, ka san dutsen nan yana nan, me ya hana ka faɗa?”

Ya ce, “Baba ya ce kada in gaya wa kowa, sai ranar da aka tambaye ni ina arewar gonarmu.”

Na ce, “To?”

Ya ce, “To ai ba a tambaye ni ba. Kun tambayi mai gari, kun tambayi liman, kun tambayi tsofaffi har suka ƙare. Ni ba wanda ya taɓa tambayata sai baƙon nan. Shi ma da ba ka koya mini kalmar ba, da ban san tambayata yake yi ba.”

Ni ne fa na shekara talatin da ɗaya ina magana a gaban allo. Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba ko ranar shirwa. Na daɗe ina kallon turken. Sannan na ce, “Motsa, Nomau. Taho mu tafi gida.”

Ya ɗaga ƙafa ɗaya da ƙyar, ya ɗaga ɗayar. Ya dube ni ya dubi gwiwata, ya tsuguna ya juya mini baya. Ban ce masa ya goya ni ba. Na hau.